Bakin Shafi

A Tudun Wada nake ɗinkin littattafai,
rumfata na kallon ta masu facin taya.
Ran Laraba, ruwa na zuba daga indararo,
wani yaron gidan Fada ya dire mini kwali:
"A gyara waɗanda za su gyaru."

A can ƙasa na tarar da shi.
Ƙamus ne, bangonsa na girgiɗi kamar haƙorin tsoho,
gara ta ci farkonsa, ta ƙoshi, ta bar saura.
Harshen waɗansu mutane, Anishinabe,
na bakin tafkunan da kan sandare
har a taka su da ƙafa kamar daɓe.

Akwai zane guda.
Kwalekwale na ɓawon itace,
mace a gaba tana kakkaɓe shinkafar da ba wanda ya shuka,
namiji a baya da sandar tuƙi,
a tsakiya mai baƙar riga.
Shi ba ya tuƙi. Rubutu yake.

Sunansa ne a bango, shi kaɗai.

Na ajiye allura.
Wa ya tauna masa kalmomin nan kafin ya haɗiye?
Wace tsohuwa ce ta maimaita masa sunan ƙanƙara
sau bakwai, tana danne dariya da hannu?

Na san irin wannan zama.
Kakana Nomau ya yi shi a ƙauyenmu, bayan Kufena,
sa'ad da wani Fada ya zo a kan keke
da kwalbar kwinin da 'yar ƙararrawa.
Ya ce zai yi addu'a a gindin kuka,
ya ja muryar har ta koma kukan jariri,
mata suka sheƙe, har da mai riƙe ciki.
Kaka ne ya daidaita masa harshe,
damina uku, ladansa gishiri da tsohuwar hula.

Wata rana Fada ya nuna tsamiya:
"Na cikin can, me kuke kiran su?"
Kaka ya ce iskoki.
Fada ya rubuta shaiɗanu.
Kaka ya ce a'a, maƙwabta ne,
mun tarar da su a nan, ba su taɓa tashin mu ba.
Alƙalami ya riga ya wuce.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba:
shekarar sanƙarau, da kowa ya ja ƙofarsa,
mutumin nan ne ya haƙa kabarin ƙanwar babana,
tafinsa ya fashe, bai saki fartanya ba.
Shi ne kuma ya sa aka ƙone gangar gidanmu.
Hannu ɗaya ne. Na rasa inda zan raba shi.

Kaka ya karɓi ruwa, ya zama Bitrus,
ya rera waƙar Lahadi har muryarsa ta dushe,
amma sabon gero bai taɓa shiga bakinsa ba
sai ya zuba wa tsamiya nata.

Ko su ma can haka suka yi?
Gicciye a wuya, taba a tafin hannu
ana miƙa wa ruwa kafin a shiga?

A shafi na ɗari biyu da sha ɗaya
na ga amsa, ko abin da ya yi kama da ita.
A gefe, da fensir, wani hannu dabam,
ya soke fassarar mai baƙar riga,
ya rubuta tasa, ƙanana, a karkace,
kamar sawun kaza a bakin rijiya.
Ban iya karantawa ba.
Amma na san "a'a" in na gan ta.

Ƙa'idar sana'armu, in an gama ɗinki,
a sa wuƙa a datse baki ya yi sumul.
Na auna. Wuƙar za ta tafi da fensirin.

Da yaron ya dawo, ya shafa gefen, ya yamutsa fuska:
"Malam, wannan ba ka gama shi ba."
Na ce rage naira ɗari biyu.